Yadda ake gane tsohon injin gudu a Magazin ta Suame, da yadda ake yi masa kuɗi

Yawancin injunan da ke jibge a bakin shaguna a Magazin ta Suame, babbar kasuwar makanikai da kayan mota da ke Kumasi, ko a takwararta Abossey Okai ta Akra, na tasi ne da ƙananan bas na haya da ake kira trotro, kuma kowa ya san kuɗinsu. Amma jefi-jefi, cikin kwantenar da aka sauke a Tema, ko a bayan wani gareji inda ciyawa ta rufe, akan tsinci injin da tun asali don gudu aka ƙera shi, wanda masu nemansa suke biya da tsada. Sau da yawa irin wannan yakan ƙare a sikelin 'yan kondem, a sayar da shi da kilo, abin takaici. Akasin haka ma yana faruwa: a wanke injin gama-gari, a fesa masa fenti, a ɗora masa murfin wani, a kira shi da sunan da ba nasa ba. Don haka aikin yana da jeri. Ka fara karanta lamba, sannan ka yi awo, sai daga ƙarshe a zo maganar kuɗi.

Kafin ka fita, ka zuba a jaka burushin waya, kananzir, tsumma, tocila mai haske sosai, maganaɗisu, alli, baniya, fila geji da miƙaƙƙen ƙarfen awo. Maikuromita da agogon awon silinda suna da tsada, amma masu injin gyaran silinda a Magazin suna da su, kuma gara ka biya a auna maka da ka sayi gaibu.

Lamba iri biyu ce

A jikin bulok, wato gangar jikin injin da silindoji suke ciki, akwai lambar da aka zubo tare da ƙarfen tun a maƙera. Ita tana tasowa sama, kana jin ta da yatsa. Akwai kuma wadda aka buga daga baya a wani ɗan shafaffen wuri, ita kuma tana nutsewa ciki. Ta farko tana faɗa maka irin zubin bulok ɗin, ta biyu tana faɗa maka sunan injin da lambarsa ta kansa. Ka goge wurin da burushi da kananzir, ka shafa alli, ka share da tafin hannu, rubutun zai fito fari. Kada ka sa sanfefa mai kaushi ko giranda, domin lambar da aka buga ba ta da zurfi.

Ka dubi shi kansa shafaffen wurin ta gefe da tocila. Na asali yana da siraran layukan injin kamfani a jere, haruffan kuma girmansu ɗaya, zurfinsu ɗaya. Idan ka ga wurin ya lotsa, ko akwai zanen giranda mai zagaye, ko wata lamba ta karkace ta fi 'yan'uwanta zurfi, to an goge an sake bugawa. Irin wannan ka bar shi komai arharsa. Ba a goge lambar inji don alheri, kuma ranar da aka zo bincike a hannunka za a same shi.

Toyota, inda aka fi yin kuskure

Injin 4A-FE na tsohuwar Corolla kowane bakanike a Kumasi ya san shi. Ɗan'uwansa 4A-GE, wanda ya fara fita a 1983, shi ne na gudu. Cikinsu ɗaya ne, siisii 1587, faɗin silinda milimita 81, tafiyar fistin milimita 77, kuma lambar da ke jikin bulok da 4A take farawa a dukansu, shi ya sa lamba kaɗai ba ta raba gardama. Ka cire murfin belin taimin. A 4A-GE beli yana juya fulai biyu a sama, kowane kamshaf da nasa, kan injin yana da faɗi, fulogai suna zaune a kwari tsakanin murfi biyu. A 4A-FE fuli ɗaya ne, ɗaya kamshaf ɗin haƙori ne ke juya shi daga ciki.

Su kansu 4A-GE ba ɗaya suke ba. Ka ƙirga haƙarƙarin da ke tsaye a gefen bulok. Na farkon yana da uku, wanda ya biyo baya daga wajen 1987 yana da bakwai, kuma shi masu ƙara wa inji ƙarfi suka fi so. A mai bakwai ɗin an ƙara kaurin wuyan karanshaf inda kwanrod ke kamawa daga milimita 40 zuwa 42, fin na fistin kuma daga 18 zuwa 20, don haka kwanrod na ɗaya ba ya hawa karanshaf ko fistin na ɗayan. Mai bawul 20 ya zo a 1991 da murfi launin azurfa, sannan mai baƙin murfi a 1995. Murfi kam gwangwanin fenti ɗaya ya isa ya sauya shi. Abin da ba ya sauyuwa shi ne bawul biyar a kowace silinda da maƙogwaron iska huɗu a jere.

Sai 2JZ, mai silinda shida a jere, lita 3, bulok na baƙin ƙarfe, faɗi 86 tafiya 86. Mai tsadar shi ne 2JZ-GTE mai turbo biyu, wanda ya fito a Aristo tun 1991 da Supra daga 1993 zuwa 2002. Wanda ya fi yawa a wurinmu shi ne 2JZ-GE mara turbo na Lexus GS300 da IS300. Shi ma inji ne mai kyau, amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne, ko kusa. Daga waje, bututun iskar GE yana haye ta saman injin, na GTE kuwa a gefe yake. Idan bulok ne tsura aka kawo maka, ka kife shi ka haska ƙasan silindoji. GTE yana da 'yan ƙananan bututu shida masu fesa mai a ƙarƙashin fistin, kuma saman fistin ɗinsa ya fi zurfin kwari saboda an rage matsi zuwa 8.5. Ka kuma lura da kaskon mai: na Aristo tulunsa a gaba yake, na Supra a baya, kuma wannan kaɗai yana iya hana inji zama a motar da aka saya dominta.

Wani abin da ake yi shi ne a sayar da 1JZ mai lita 2.5 da sunan 2JZ, tunda faɗin silindarsu ɗaya ne. Ba sai ka kwance komai ba. Ka cire fulogi, ka zura siririn ƙarfe mai tsabta ya zauna a kan fistin, ka juya injin da hannu a hankali, ka yi alama a inda ya fi tasowa da inda ya fi nutsewa. Idan tazarar ta kai 86, 2JZ ne. Idan 71.5 ce, 1JZ ne. Wannan dabara tana aiki a kowane inji da fuloginsa ke tsaye a tsakiyar silinda.

Nissan, Benz da sauransu

Ghana ta koma tuƙi a hannun dama tun 1974, don haka motocin Japan masu sitiyari a dama ba su ne ke yawo a titinmu ba. Injinansu dai suna shigowa a yanke, cikin kayan hom-yus, wato kayan hannu da ake shigowa da su daga waje. RB26DETT na Skyline GT-R, daga 1989 zuwa 2002, siisii 2568 ne, yana da maƙogwaron iska shida, kuma kaskon mansa haɗe yake da gidan difaren na gaba. A gefen bulok za ka ga an zubo 05U idan na gama-gari ne, ko 24U idan N1 ne na tsere, wanda ya fi kauri kuma ya fi tsada nesa ba kusa ba. A na farko-farkon, bakin karanshaf inda yake kama famfon mai gajere ne, yakan cinye famfon ya fasa shi, don haka ka zare famfon ka duba wurin.

Tsohon L28 na 280Z, wanda ya zo a Patrol da Laurel ma, bulok ɗinsa N42 ne ko F54, kawunansa kuma akwai N42, N47, P79 da P90. A nan akwai abin da mutane da yawa suke wucewa. Karanshaf na LD28, wato ɗan'uwansa mai shan man dizal, yana ɗauke da alamar V07, tafiyarsa milimita 83 ce maimakon 79. Masu gina L28 suna nemansa ruwa a jallo, domin da shi da faɗaɗa silinda zuwa 89 inji yana komawa lita 3.1. Ko da LD28 ya mutu murus, ka duba karanshaf ɗinsa kafin a ɗora shi a sikeli.

A Benz lambobi shida na farko su ne komai. 102983 shi ne 190E 2.3-16 mai bawul 16, wanda Cosworth na Ingila ya tsara kansa, ya fito a 1984. 102990 shi ne 2.5-16. Amma 102982 na 230E ne, 102985 kuma na 190E 2.3 mai bawul takwas, dukansu injunan yau da kullum. Lamba ɗaya tal ce ta raba su, kuma mayar da 5 ta zama 3 ba ya yi wa mai mugun nufi wuya, don haka ka tabbatar kan injin mai kamshaf biyu ne.

V8 na Land Rover da Range Rover na alminiyon ne, maganaɗisu ba ya kama jikinsa. Mai lita 3.5 faɗin silindarsa 88.9 ne, su 3.9 da 4.0 da 4.6 kuma 94. Na 4.0 da 4.6 suna da ƙarin kusoshi da ke shiga ta gefen bulok suna riƙe murafun karanshaf, kana ganin kawunansu a jere sama da kaskon mai. Ciwon masu faɗi 94 shi ne bulok ya tsage a bayan hannun riga, wato bututun ƙarfen da aka zura a ramin silinda, hannun rigar ya zame. Ka bi bakin kowace silinda da farce, idan ɗaya ta nutse ƙasa da fuskar bulok, ko fistin ɗaya ya yi fes kamar an wanke shi alhali sauran baƙi ƙirin, ruwa ne ke shiga nan.

Chevrolet 350, lita 5.7, yakan zo cikin tsofaffin a-kori-kura na Amurka. Lambar zubinsa tana baya, gefen direba, kusa da inda giyabos ke haɗuwa. Za ka yawaita ganin 3970010, wadda aka yi ta zubawa daga 1969 har ƙarshen shekarun 1970. Masu sayarwa suna son cewa duk mai wannan lamba mai kusoshi huɗu ne a murfin karanshaf, amma ba haka ba ne, akwai mai biyu akwai mai huɗu. Sai an cire kasko an ƙirga kusoshin murafun tsakiya guda uku. A can bayan bulok ɗin kuma akwai ranar zubi: harafi shi ne wata, A Janairu, B Fabrairu, sai rana, sai lambar ƙarshe ta shekara. Lambar da aka buga kuwa tana gaba, gefen fasinja, a fuskar bulok, shi ya sa idan an taɓa aske fuskar takan ɓace.

Awo

Suna yana sa a waiwayi inji, amma lafiyarsa ake saya. Ka ce wa mai kaya, "Masta, a bari a sauke kasko da kai in duba, kuɗin yaran a wuyana." Wanda ya san kayansa lafiya lau ba ya ƙi. Idan ya ƙi, ka yi tayi kamar ka riga ka ga ɓarna a ciki.

Ka kankare saman fistin ka karanta. STD na nufin ba a taɓa faɗaɗa silinda ba. 0.25, 0.50 ko 1.00 milimita ne aka ƙara, a injin Amurka kuma za ka ga 020, 030, 040 ko 060. Kowace faɗaɗawa rai ɗaya ce aka cinye daga rayukan bulok, kuma wanda ya kai ƙarshe sai dai hannun riga. Kada ka tsaya a rubutun fistin, domin ana zura fistin STD a silindar da ta buɗe. A auna kowace silinda a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, kowanne ta fuska biyu, tsaye da kwance. Bambancin sama da ƙasa shi ne cin da ringi ya yi, bambancin tsaye da kwance kuma shi ne yadda ramin ya zama ƙwai. Idan farcenka yana maƙalewa a wani ɗan tudu a bakin silinda, ka san sai an faɗaɗa.

Fuskar bulok da ta kai, a goge su tas, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a tsaye, a kwance da kusurwa zuwa kusurwa, a gwada zura fila geji a ƙarƙashi. Yawancin littattafan kamfani suna sa iyaka tsakanin 0.05 da 0.10 na milimita. Abin da ya wuce haka askewa yake so, kuma kan da aka riga aka aske sau biyu ko uku matsinsa yakan yi yawa, taimin ɗinsa ya goce. Ka auna kaurinsa da baniya ka gwada da na littafi.

Tsagewa ita ce ke kashe ciniki gaba ɗaya, kuma ido kaɗai ba ya ganin ta. Inda take ɓuya: tsakanin silinda da silinda, daga ramin kusa zuwa hanyar ruwa, gindin mazaunin karanshaf, sannan a kai, tsakanin mazaunin bawul biyu ko daga bawul zuwa ramin fulogi. Akwai feshin gwaji mai gwangwani uku: a wanke, a fesa ja, a jira kamar minti 15, a share, a fesa fari, tsagar za ta fito jan layi. Idan babu shi, tsohuwar hanya tana nan. Ka jiƙa wurin da kananzir, ka bar shi ya shiga, ka share ya bushe, ka shafe da garin alli, ka ɗan ƙwanƙwasa gefe da ƙaramar guduma. Kananzir ɗin da ya shige tsaga zai tsattsafo ya zana layi a cikin allin. Bulok mai tsada kuwa ya cancanci gwajin iska: a toshe hanyoyin ruwa, a hura iska bar 2 zuwa 3, a bi shi da ruwan sabulu ko a nutsar da shi a ruwan zafi ana duban kumfa.

Sabon fenti a tsohon bulok abin tuhuma ne. Idan na baƙin ƙarfe ne, ka bi gefensa da maganaɗisu, musamman daidai inda kwanrod zai fasa idan ya tsinke. Inda ya saki ko ya yi sanyin kamu, ka kankare, za ka tarar da foti ko rawayar walda.

A nan ƙasar akwai ciwon da ya fi na ko'ina: shekara da shekaru ana zuba ruwan famfo zalla a lagireto. Ka ɓalle toshiyar ruwa ɗaya ta gefen bulok ka haska ciki. Idan tsatsa tana ɓarewa falle-falle kamar ɓawon itace, bangon silinda ya sirance ta baya ko da cikinsa yana sheƙi, kuma irin wannan ba zai ɗauki turbo ba. Injin da ya kwana biyu a fili ba fulogi, damina biyu ta Kumasi ta bi ta kansa, za ka ga zoben tsatsa a inda ruwa ya kwanta. Idan ya yi ramuka, gogewa ba ta fitar da su.

Murafun karanshaf kuma, kada ka karɓi bulok ba tare da nasa ba. A kamfani ɗaure su aka yi a jikinsa sannan aka huda ramin gaba ɗaya, don haka murfin wani bulok ba zai zauna daidai ba ko da irinsu ɗaya. Ka duba lambobinsu a jere suke, kibiyoyinsu na kallon gaba. Idan an cakuɗa su sai an sake huda layin, aikin da ba kowane mai inji ke iya shi ba. Haka kwanrod da murfinsa.

Karanshaf ɗin kansa, ka dubi layin da ke bin jikinsa inda ba a goge ba. Siriri mai kaifi na zubi ne, mai faɗi kamar an dasa yatsa na ƙira ne, kuma shi ya fi ƙarfi. Ka rataye shi ka buga da ƙarfe: lafiyayye yana amo mai tsawo, tsagagge yakan yi bif. Wannan gwajin farko ne kawai, bai maye feshin gwaji ba. Bayan metal, wato siririn faifan ƙarfen da wuyan karanshaf ke juyawa a kansa, akwai rubutu, STD ko 0.25 ko 0.50, shi zai gaya maka sau nawa aka riga aka wasa wuyan. Wuya ko gindin kwanrod da ya yi shuɗi-baƙi, metal ya taɓa juyawa a wurin, zafi ya ci ƙarfen.

Yadda ake yanke kuɗi

Kuɗin kowane bulok yana tsakanin iyaka biyu. Ta ƙasa ita ce abin da sikelin kondem zai bayar a ranar, kuma alminiyon ya fi baƙin ƙarfe daraja a kilo. Ta sama ita ce abin da aka sayi irinsa lafiyayye kwanan nan. A eBay da makamantansa ka duba waɗanda aka riga aka sayar, kada ka dubi abin da masu kaya suka rubuta suna jira, domin wani ya shekara yana jira. Daga wannan kuɗi ka cire aikin inji, fistin da ringi da metal da gasket, duk abin da ya ɓace, dako, la'adar dillali, sannan ribarka. A ce lafiyayyen yana kashi 100, gyara zai ci 35, kayan da babu 20, dako da la'ada 10, kana son riba 15, to kada tayinka ya wuce 20. Ka yi lissafin da dala idan daga waje za a kawo kayan gyara, sannan ka juya shi zuwa sidi a ranar biya.

Abin da ya ɓace shi ne inda aka fi raina asara. Inji mai kwamfuta da aka datse wayoyinsa da almakashi wajen cirewa, ko babu kwamfutarsa da na'urar awon iska, ya yi asarar kaso mai yawa na darajarsa, domin neman su ɗaya-ɗaya yakan fi tsada da wahala. Maƙogwaron iska na 4A-GE mai bawul 20 ko na RB26, da kan Benz mai bawul 16, su kaɗai ma kaya ne masu kuɗi. Shi ya sa idan bulok ya tsage ba a zubar da komai tare, a kwance a sayar da kai daban, karanshaf daban, kasko daban. Idan kuwa motar da injin ya fito tana nan kuma lambobinsu sun dace da takarda, kada a raba su, tare suka fi daraja.

Ka tuna nauyi. Bulok na baƙin ƙarfe yana da wuyar aikawa waje, kuɗin jirgi yakan cinye ribar, don haka wanda ba na musamman ba mai sayensa yana nan cikin gida, Kumasi ko Akra. Ƙananan kaya masu tsada su ne suke jure dako.

Idan an sallama, a rubuta rasit da cikakkiyar lambar injin da sunan shagon, ka ɗauki hoton lambar tun kafin a ɗora shi a mota. Da isa gida a wanke, a busar da iska, a shafe silindoji da fuskar bulok da giris, a mayar da murafun karanshaf mazauninsu a ɗaure da kusoshinsu, a naɗe shi da leda mai kauri a ɗora kan katako nesa da ƙasa. Karanshaf kuma a shafe wuyansa da giris, a tsayar da shi a ɗaure jikin bango inda ba zai faɗi ba.